Tambayar da ɗana ya yi mini a kan aya ta 47 ta Suratul Ma'ida

Maman Mai Hadda ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu ilimi, don yau kwana huɗu ke nan wata tambaya ta hana ni sakat.

Ɗana na fari shekararsa 14, yana hadda, yanzu ya shigo Suratul Ma'ida. Bayan sallar Asuba yakan kawo mini haddarsa ina riƙe da Alƙur'ani, in ya gama mu duba fassara tare, saboda ba na son ya riƙa zuba Larabci bai san abin da yake faɗa ba. Ranar Talata muka zo aya ta 43 zuwa ta 48. Ta 44 ta ce Allah ya saukar da Attaura, a cikinta akwai shiriya da haske. Ta 46 ta faɗi irin haka a kan Injila. Ta 47 kuma ta ce mutanen Injila su yi hukunci da abin da Allah ya saukar a cikinta.

Sai yaron ya ɗago kai ya ce, "Umma, ba kin ce mini an canza Injila ba?" Na ce haka ne. Ya ce, "To yaushe aka canza ta, kafin wannan ayar ta sauka ko bayan ta sauka? In kafin ne, ya za a ce su yi hukunci da abin da aka canza?" Na buɗe baki, na rasa abin cewa. Na ce masa ya ba ni lokaci in tambayo. Ban so in rufe masa baki da tsawa ba, don na san yaron da aka yi wa haka ba ya daina tambaya, wurin tambayar kawai yake sauyawa.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe a raina. Wata abokiyar aikina Kirista, shekara tara muna tare, ta taɓa nuna mini Zabura ta 37 aya ta 29 a wayarta, inda aka ce masu adalci za su gaji ƙasa su zauna a cikinta har abada. Wallahi tsigar jikina ta tashi, don na san aya ta 105 ta Suratul Anbiya, inda Allah ya ce ya rubuta a cikin Zabura cewa bayinsa salihai ne za su gaji ƙasa. Ga maganar nan daram a littafinta. To ni ina zan tsaya? Abin da ke hannunsu shi ne, ko ba shi ba ne, ko wani ɓangare ne? Kuma ya halatta in karanta?

Almajirin Tafsiri ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya yi wa yaron nan albarka, tambayar manya ya yi. Kuma kin kyauta da kika ce ya jira.

Amsar tana kusa da inda kuka tsaya, a aya ta 48. Allah ya siffanta Alƙur'ani da kalmomi biyu a jere: musaddiƙan, wato mai gaskata littafin da ya gabace shi, da muhaiminan alaihi, wanda aka ruwaito daga Ibn Abbas cewa ma'anarsa amintacce a kansa, wasu suka ce mai shaida, wasu mai hukunci. Duk wanda ya ɗauki kalma ɗaya ya bar ɗaya zai karkace. Mai riƙe da ta farko kaɗai zai ce komai na Baibul daidai ne, mai riƙe da ta biyu kaɗai zai ce babu abin ɗauka a ciki. Ayar ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Sai maganar "an canza". Mu a bakinmu kalma ɗaya ce, amma Alƙur'ani ya faɗi abubuwa daban-daban. A Baƙara 79 ya yi magana a kan masu rubuta littafi da hannunsu su ce daga Allah yake. A Ali Imrana 78, masu karkata harshe wurin karatu don a zaci littafin ne. A Nisa'i 46 da Ma'ida 13, masu gusar da magana daga wurarenta, kuma ta Ma'ida ta ƙara da cewa sun manta wani rabo na abin da aka tunatar da su. A wasu wuraren zargin ɓoyewa ne. Ki lura, ba a ɓoye abin da babu shi.

Hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim ya nuna wannan ƙarara. An kawo wa Annabi (SAW) wasu Yahudawa biyu da suka yi zina, ya tambaye su hukuncin da ke cikin Attaura, aka ɗauko ta, mai karatun ya ɗora hannunsa a kan ayar jifa ya karanta na gabanta da na bayanta. Abdullahi bin Salam, wanda malamin Yahudawa ne kafin ya musulunta, ya ce masa ɗaga hannunka. Sai ga ayar. Ashe a ranar rubutun yana nan, hannu aka sa aka rufe.

Shi ya sa malamai suka rabu. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya tsaya kai da fata cewa lafazin kansa aka sauya, ya bi littafin Farawa, na farko a Attaura, yana fito da lissafin shekaru da bai yi daidai ba da labaran da ba su dace da annabawa ba. Wasu suka ce sauyin a fassara da tawili yake, kuma akwai magana irin wannan a cikin Sahihul Bukhari, Kitabut Tauhid, cewa babu mai iya gusar da lafazin wani littafi na Allah, sai dai a fassara shi ba yadda yake ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka bi tsakiya: an taɓa wasu lafuzza, amma da yawa na nan, kuma abin da ya rage ya isa hujja. Ni nan na fi natsuwa, don shi ne ra'ayin da bai tilasta mini in kau da kai daga wata aya ba.

Yanzu aya ta 47 kanta. Akwai ƙira'a biyu. Mafi yawan makaranta suna karanta "walyahkum", umarni. Hamza, ɗaya daga cikin malaman ƙira'a bakwai, yana karanta "wa liyahkuma", wato mun ba shi Injila domin mutanenta su yi hukunci da ita, kin ga a nan labarin dalilin saukarwa ne a zamaninta. A ƙira'ar umarni ma ayar ba ta ce su yi hukunci da duk abin da ke tsakanin bango biyu ba, cewa ta yi da abin da Allah ya saukar a ciki. Masu tafsiri suka ce daga cikin abin da ya saukar akwai busharar Manzon da zai zo, wadda A'arafi 157 da Saffi 6 suka ambata. Ki gaya wa yaron haka: a lokacin da ayar ta sauka akwai maganar Allah a hannunsu, cuɗe da maganar mutane, kuma Alƙur'ani ne aka ba aikin rarrabewa.

Zaburar da aka nuna miki tana cikin kason da Alƙur'ani ya gaskata. Haka "rai da rai, ido da ido" na aya ta 45, yana nan a littafin Fitowa, na biyu a Attaura, sura ta 21. Ibn Kasir a farkon tafsirinsa ya kasa irin waɗannan labarai uku: wanda muka san gaskiyarsa daga abin da ke hannunmu, wanda muka san ƙaryarsa, da wanda aka yi shiru a kansa. Na ukun nan ne hadisin Abu Huraira ya ce kada ku gaskata Ma'abota Littafi, kada kuma ku ƙaryata su.

Mai Taka-tsantsan ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, bayani ya yi, amma ba ka amsa mata tambayarta ta ƙarshe ba, kuma ita ce mai haɗari. 'Yar'uwa, shawarata ki nesanta kanki da ɗanki daga littattafan nan. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga wata takarda ta Ma'abota Littafi a hannun Sayyidina Umar ya yi fushi, ya ce da Musa yana raye ba abin da zai wadace shi sai ya bi ni. Ibn Abbas kuma a Bukhari cewa ya yi ta yaya za ku tambayi Ma'abota Littafi alhali littafinku ne mafi sabunta daga Allah, ba a gauraya shi da komai ba. Yaro ɗan shekara 14 bai gama sanin nasa ba, ina shi ina na wasu? Ni na ga wanda ya fara da kwatanta aya da aya a intanet, ya ƙare bai san inda ya dosa ba. Kuma ai an ce Injilar gaskiya ita ce ta Barnaba, ita ce suka ɓoye.

Mai Bin Tarihi ta amsa:

Ɗan'uwa, damuwarka a kan yaro gaskiya ce, ina tare da kai a nan. Amma don Allah mu daina jingina da Injilar Barnaba. Rubutunta mafi tsufa da ake da shi da harshen Italiyanci ne, na ƙarshen ƙarni na 16, yana birnin Biyana. Abin da ya fi wannan, a cikinta Annabi Isa (AS) yana musanta cewa shi ne Almasihu, alhali Ali Imrana 45 ta kira shi Almasihu Isa ɗan Maryam. Ta kuma ce Nana Maryam ta haihu ba tare da zafi ba, Suratu Maryam aya ta 23 kuwa ta ce naƙuda ce ta kai ta jikin dabino har ta yi fatan da ta mutu kafin wannan. Littafin da ya saɓa wa Alƙur'ani a fili ba zai zama mana makami ba.

Yaya, tambayar ɗanki ta "yaushe" tana da amsa ta ɓangaren rubuce-rubucen da suka rage, kuma ya kamata ki san ta kafin wani ya jefa masa ita. Ba za a iya cewa bayan zuwan Musulunci aka taru aka sauya Baibul ba. Akwai kundi biyu na harshen Girka daga ƙarni na 4, ɗaya aka samo shi a gidan rahibai na Dutsen Sina'i, yawancinsa yanzu yana Landan, ɗayan yana Fadar Batikan. Sun riga saukar wahayi na shekarar 610 miladiyya da kusan shekara 250 ko fiye, kuma Injiloli huɗun da ke cikinsu su ne dai na yau. A 1947 kuma aka fara gano naɗaɗɗun fatu a kogunan Ƙumran kusa da Tekun Gishiri, ciki har da littafin Ishaya cikakke wanda ya girmi haihuwar Annabi Isa, kuma ya yi kusa ƙwarai da na Ibrananci da ake karantawa yanzu.

Amma waɗannan kundaye su ne kuma suka nuna hannun mutane. Ayoyi 12 na ƙarshen Injilar Markus babu su a kundayen biyu. Labarin matar da aka kama da zina, a ƙarshen sura ta 7 da farkon ta 8 na Yohanna, babu shi a cikinsu. Jimlar nan ta Wasiƙar Yohanna ta Fari 5:7 da ke lissafa Uba da Kalma da Ruhu babu ita a tsofaffin rubutun Girka, shi ya sa fassarori da yawa na zamani suka cire ta. Masanan Kirista da kansu ne suka tono wannan, suna rubuta shi a ƙasan shafi, ba ɓoyayyen abu ba ne. A Attaura ma, ta Samariyawa ta bambanta da ta Yahudawa a wurare masu yawa, har da umarnin gina wurin hadaya a Dutsen Gerizim. Sura ta 34 ta littafi na biyar na Attaura tana ba da labarin rasuwar Annabi Musa da binne shi, to wani ne ya rubuta wannan a bayansa.

Abin da ni ya fi warware mini kai shi ne gane cewa suna ɗaya muke kira, abu biyu muke nufi. In mun ce Injila, muna nufin abin da aka ba Annabi Isa. Abin da ke hannun Kirista kuwa labarin rayuwarsa ne da maganganunsa daga marubuta huɗu, a cikin tarin littattafai 27 da suka haɗa da wasiƙu. Luka ma a ayoyinsa huɗu na farko ya faɗa da bakinsa cewa bincike ya yi a wurin waɗanda suka gani da ido, sannan ya rubuta a tsare. Wannan ya fi kama da sira da hadisi a wurinmu, ba da Alƙur'ani ba. Da na fahimci haka, sai na daina neman ranar da aka zauna aka canza.

Maganar karatu kuwa, Al-Biƙa'i, wanda ya rasu a 885 bayan Hijira, ya ciro dogayen sassa na Attaura da Injila a tafsirinsa, malaman Alƙahira na zamaninsa suka taso masa, har sai da ya rubuta littafi guda yana kare halaccin yin hakan. Rigimar ba ta yau ba ce.

Wani Kirista Mai Karatu ya amsa:

Salama a gare ku. Ina neman izini in sa baki, tunda littafinmu ake magana a kai. Na gode wa 'yar'uwar da ta yi bayanin kundaye, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Abin da ta faɗa a kan ƙarshen Markus yana rubuce a ƙasan shafin Littafi Mai Tsarki da nake karantawa.

Abu ɗaya nake so Maman Mai Hadda ta sani don ta gaya wa ɗanta daidai. Mu ba mu taɓa cewa an saukar wa Yesu littafi ba. A bangaskiyarmu shi kansa ne Kalmar, Linjila kuwa ma'anarta bishara, labari mai daɗi game da shi. Don haka in aka ce mana ina Linjilar asali da kuka ɓatar, tambayar ba ta sauka a inda muke tsaye ba. Kuma waɗancan ayoyin da ake taƙaddama a kansu, ko an cire su duka, gicciye da tashi daga matattu suna nan a Linjila huɗu da wasiƙun Bulus. Suratun Nisa'i 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. A nan muka rabu, kuma ba rabuwar kuskuren mai kwafi ba ce. Na fi son mu faɗi haka a fili da mu yi ta rufa-rufa don mu faranta wa juna.

Na karanta fassarar Suratu Maryam sau da yawa, kuma ba na mamakin labarin da kuke bayarwa cewa Sarkin Habasha ya yi kuka da Ja'afar ya karanta masa ita.

Almajirin Tafsiri ya sake amsawa:

Maƙwabci, mun gode da ladabinka, kuma gaskiya ka faɗa: a kan gicciye da matsayin Annabi Isa (AS) saɓanin na asali ne. Ankabut 46 ta umarce mu da kada mu yi jayayya da ku sai ta hanya mafi kyau, ta kuma ce mu gaya muku Abin bautarmu da naku ɗaya ne.

Mai Taka-tsantsan, ka yi gaskiya na tsallake tambayar. Hadisin Sayyidina Umar yana Musnadu Ahmad, malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wasu sun ƙarfafa shi da hanyoyinsa. A gefe guda ga hadisin Abdullahi bin Amr a Bukhari, ku ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi, ga kuma Ali Imrana 93 da ta ce ku zo da Attaura ku karanta ta in kun kasance masu gaskiya. Yadda malamai suka haɗa su shi ne: hani ga mai neman shiriya a can ko wanda ƙafarsa ba ta kafu ba, izini ga wanda ya san nasa. Malama ta fi mu sanin kanta da ɗanta.

In za ki duba, ki fara da inda muhaimin yake aiki a fili. Littafin Fitowa sura ta 32 ya ce Haruna ne ya ƙera ɗan maraƙin, Suratu Ɗaha ta ɗora abin a kan Samiri, ta nuna Haruna yana hana su. Littafin Sarakuna na Fari sura ta 11 ya ce zuciyar Sulaimanu ta karkata ga gumaka da ya tsufa, Baƙara 102 ta ce Sulaimanu bai kafirta ba. Farawa ta ce Allah ya huta a rana ta bakwai, Ƙaf 38 ta ce wata gajiya ba ta shafe mu ba. Mai cewa Alƙur'ani kwafo Baibul ya yi, ya sani mai kwafe littafi ba haka yake yi ba. Wannan magana ce ta wanda ya san labarin, ya san inda masu sauraro suka san shi, ya tsaya daidai wurin ya ce a'a.

Maman Mai Hadda ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri, dukkanku. Baba Malam, na kwafe maganar ƙira'a biyun a takarda. Ƙanwata Mai Bin Tarihi, da ba ki yi magana ba da ni ma Barnaba zan kawo masa, don haka na taso ina ji. Ɗan'uwa Mai Taka-tsantsan, na ɗauki shawararka rabi: ba zan bar shi da wayar shi kaɗai ba, amma zan zauna da shi mu duba tare.

Jiya da dare muka gwada da labarin Annabi Yusuf, tunda ya haddace surar tun bara. Na karanta masa Farawa sura ta 37, shi kuma yana kawo ayoyin da ka. Mafarkin rana da wata da taurari 11 iri ɗaya, rijiya iri ɗaya, riga da jini iri ɗaya. Da muka zo inda aka kai wa mahaifin rigar, a Farawa ya yarda cewa mugun naman daji ya cinye ɗansa, ya yage tufafinsa. Sai yaron ya tsayar da ni ya ce, "Umma, a namu bai yarda ba," ya karanto inda Annabi Yaƙub ya ce a'a, rayukanku ne suka ƙawata muku wani al'amari, sai haƙuri mai kyau. Shi ya gano da kansa, ban nuna masa ba.

Na gaya masa abin da maƙwabcinmu Kirista ya ce game da yadda suke ɗaukar Linjila, ya yi shiru yana tunani, sannan ya tambaye ni ko Waraƙa bin Naufal, da hadisin farkon wahayi ya ce yana rubuta Injila, waɗannan huɗun yake rubutawa ko wata daban. Na ce wannan ma zan tambayo. Jibi kuma in sha Allahu zai kai aya ta 68, wadda ta ce Ma'abota Littafi ba a kan komai suke ba sai sun tsayar da Attaura da Injila. Baba Malam, don Allah a taimaka mini da bayaninta kafin Asubar Lahadi.